Ma'aunin Alherin Dakta

Babu wanda ya ba shi sunan Dakta. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya dawo daga aiki da wani tsohon tabarau da aka manta a ɗakin taro, ya tsaya a ƙofar shagon Mai Aski ya ce daga yau a riƙa kiransa da abin da ya dace da shi. Mutanen layin ba su da rowar suna, suka ba shi. Aikinsa na gaskiya kuwa danna maɓalli ne. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye a kan injin fotokwafi a wata cibiyar binciken tattalin arziki, a ɗan lungun da ke tsakanin banɗaki da matakala, inda masana ke miƙo masa takardu ba tare da sun kalli fuskarsa ba.

To a lungun nan ya yi karatunsa. Inji na tofo takarda, shi yana bin ta da ido. Matsalar ɗaya ce: gaba da baya ake buga takardun, shi kuma gaban kawai yake gani kafin wata ta faɗo ta rufe. Saboda haka ya san shafi na ɗaya da na uku da na biyar na duk binciken da aka taɓa yi a cibiyar, amma shi da na biyu da na huɗu ba su taɓa gaisawa ba. Wannan bai hana shi barci ba. Da yamma sai ya zauna a bencin Mai Aski, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce, “Mu a cibiya mun gano cewa,” sai kowa ya shiga neman abin yi.

Babban abin alfaharinsa keken Inna ne. Bara ƙafafun mahaifiyarsa suka ƙi ɗaukarta, ta yi wata biyu a ɗaki ba ta ga rana ba. Wata safiya aka buɗe ƙofa sai ga keken marasa lafiya a tsaye, kore shar, fenti ko gama bushewa bai yi ba, babu takarda babu ɗan aike. Dakta ya zagaya shi sau biyu, ya gyara tabarau, ya ce ai cibiya ce ta aiko don karrama shi, manyan wurare ba sa son surutu. Ya faɗa a shago, ya faɗa a bakin famfo, ya yi ta faɗa har shi kansa ya yarda.

Ana nan sai shugaban ƙungiyar layin ya tashi ya koma wani gari, kujera ta zama babu kowa. Kujerar ba ta da albashi, amma tana da mabuɗin ɗakin taimako, inda ake tara barguna da tufafi da bokitai saboda wanda gobara ko ruwa ya yi wa ɓarna, kuma shugaba ne ke yanke wanda za a fara ba. Aka sa zaɓe Asabar ta sama. Matan layi suka tsayar da Mai Walda, wani dogon mutum mai ƙonannun hannuwa wanda gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa da baki.

Dakta ya ji abin har cikin ƙashinsa.

“Mutumin da ko murmushi ba ya bayarwa kyauta za ku damƙa wa ɗakin taimako?” in ji shi a shagon aski. “Wannan shi ne ciwon siyasarmu, ana zaɓe da ka. Mu a cibiya auna alheri muke yi, kamar yadda ake auna hatsi. Ku ba ni kwana goma, zan auna kowa a layin nan, in kawo sakamako ranar zaɓe. Wanda ya fi maki shi ya kamata ya riƙe mabuɗi.”

“Kai ma za ka auna kanka?” in ji Mai Aski, yana karkaɗe tsumma.

“Ni ne ma'aunin. Kuma ku shaida, in mutumin can ya kayar da ni, ku daina ce mini Dakta, ku koma kirana Mai Kwafi.”

“Mun shaida,” in ji mutum shida a tare, har da wanda ake yi wa aski, da kumfa a bakinsa.

Gwaji na farko na ido ne. Dakta ya taɓa gani a wani shafi na uku cewa mutane sun fi yin kyauta idan akwai hoton idanu yana kallonsu. Idon wa za a sa? Ai ba a tambaya. Da aka tafi cin abincin rana ya ɗaga murfin inji, ya kifa fuskarsa a kan gilashi, ya laluba ya danna. Hasken ya wuce ya kusa makantar da shi. Kwafi goma na farko duk ido a rufe suka fito, sai da ya sa yatsu ya bankaɗe fatar idon, hanci a baje, leɓe a murɗe. Yana cikin haka wata masaniya ta shigo da takardu, ta tsaya. Ya ce mata gilashin yake dubawa ko ya tsage.

Washegari da sassafe layi ya tashi ya tarar da fuskar nan guda arba'in a jikin bango da turakun lantarki, kowace da kwali a ƙarƙashinta, an rubuta da manyan baƙaƙe: SAKA ALHERINKA A NAN, ANA KALLONKA.

Kafin azahar mata uku sun shigo gidansa da sallama a sanyaye, suna tambayar matarsa yaushe abin ya faru. Matar tasa malamar firamare ce, Malama kowa ke ce mata, mace mai haƙuri da kaifin harshe daidai wa daida. Ta ce musu yana nan da ransa, abin da ya same shi ya fi wannan daɗewa. Wani ɗan sanda da ya zo wucewa ya ɓalle guda ya sa a aljihu, ya tambayi Mai Aski ko an san inda mutumin yake ɓuya. Masu zuwa aski kuwa tambayarsu ɗaya ce, me ya sata.

Da yamma Dakta ya bi kwalaye da littafinsa. Ya samu safa ƙafa ɗaya, da lema marar hannu, da wata kyanwa da ta mayar da kwali na goma sha biyu ɗakin haihuwa. A ƙofar Mai Walda babu hoton, babu kwalin.

“Ina kayan bincikena?”

“Na cire,” in ji Mai Walda, bai ko ɗaga gilashin fuskarsa ba. “Tartsatsi zai kama takarda.”

Dakta ya rubuta sifili a gaban sunansa, ya zagaye shi sau biyu.

A gida ya tarar Malama tana shirya darasin gobe a bayan tsofaffin takardun da yake kwasowa daga ofis. Ta ɗaga ɗaya.

“Baban yara, wannan binciken naka na ido, ka juya bayansa kuwa? Nan sun ce da aka sake gwadawa a wasu wurare abin bai yi wani tasiri ba.”

“Baya na masu shakka ne, Malama. Mai ilimi gaba yake kallo.”

“To Allah Ya kiyaye gaban. Ka dai je ka cire fuskarka daga bangon makarantarmu, 'yan aji ɗaya sun ƙi shiga ta ƙofar.”

Gwaji na biyu na wasiƙa ne. A wani shafi na biyar an ce a jefar da wasiƙa a hanya a ga wanda zai ɗauka ya kai wa mai ita, ba don ya samu komai ba. Dakta ya sayi ambulan talatin, ya rubuta adireshinsa a kowane, ya sa lambar gida a kusurwa don ya san wa ya dawo da wanne. A ciki ya sa 'yar takarda mai cewa: Madalla, ka ci jarrabawa. Da asuba ya bi layi yana sanɗa, yana ajiye ɗaya a kowace ƙofa. Sannan ya dawo ya sa kujera a zaure, littafi a cinya, yana jiran masu alheri su fara layi.

Ƙarfe takwas aka buga ƙofa. Baba Mai Shara ne, tsohon da ke share layin tun kafin a haifi rabin mazaunansa, da buhu a kafaɗa. Ya juye buhun a gaban Dakta. Ambulan ashirin da tara suka zubo, tare da ɓawon lemo da ganyen shayi da wani abu da ba a tsaya tantancewa ba.

“Ɗana, sunanka ne a jiki?”

“Baba, ka lalata mini bincike. Ba kai ya kamata ka tsince su ba.”

“Wa ya kamata? Akwai wani mai shara a layin nan ban da ni? Jiya fuskarka na kwashe buhu guda, yau wasiƙunka. In gobe na ga wata takarda taka a ƙasa, a kan gadonka zan juye.”

Na talatin ɗin yana shagon Mai Walda, wanda ya riga Baba fitowa. Dakta ya same shi ya juya bayan ambulan yana rubuta awon ƙofar wani da guntun fensir. Sifili na biyu. Amma lissafin ya zo da gardama, domin bisa ƙa'idar da ya kafa da hannunsa, Baba Mai Shara ya tashi da maki ashirin da tara, ya zama sarkin alherin layi. Dakta ya ciji biro. Can ya rubuta a gefe: An cire Baba saboda dalilan kimiyya.

Saura kwana biyu zaɓe, littafi babu abin kirki, sai ya yanke shawarar fitar da babban makami. Zai zama baƙo marar lafiya, ya zauna a bakin hanya, ya ga da idonsa wa zai tsaya wa zai wuce. Ranar Alhamis ya nemi hutu a ofis. Inna tana zaune a kekenta a ƙofar gida tana shan hantsi.

“Inna, zan kai keken nan a duba shi.”

“Me ya same shi, Auta?”

“Ƙa'ida ce. Kayan ƙasar waje sai da dubawa.”

Inna ta dube shi tun daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi masa tun yana satar sukari. Ta dai bari ya ɗauke ta ya ajiye a tabarma.

Ya naɗe kansa da bandeji har wuya, ya bar ido da baki, ya naɗe ƙafar hagu, ya yafa tsohon bargo. Sai dai zuciyarsa ta kasa rabuwa da tabarau, ya ɗora shi a kan bandejin. Ya tura kansa har saman layi, inda gangare ya fara, ya ja birki, ya langaɓar da kai ya soma nishi.

Wadda ta fara zuwa Anti Tela ce, mai shagon ɗinki na kusurwa, mace mai jiki da son raha. Ta tsaya, ta dubi tabarau, ta dubi takalmin ofis da ke leƙowa ta ƙarƙashin bargo.

“Wayyo, sannu bawan Allah baƙo. Daga ina? Ya Malama da yara?”

“Ban san su ba,” in ji Dakta da wata siririyar murya. “Mota ce ta buge ni.”

“Mota? Ai bai kamata a bar ka haka ba. Mai Aski, zo ka ga baƙon da ba mu taɓa gani ba.”

Mai Aski ya zo da almakashi a aljihu da injin aski a hannu. Kallo ɗaya ya yi, ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa, sannan ya juyo da fuskar jimami. Nan fa alheri ya ɓarke kamar famfon da ya fashe. Anti Tela ta aika aka kawo wani maganin ruwa mai ɗacin bala'i, ta toshe masa hanci ta ɗura cokali uku. Wata ta kawo man zafi aka kwance ƙafar aka mulke ta har gwiwa, aka mayar da bandeji a kai, ƙafa ta ɗauki wuta. Dakta yana hawaye na gaske, yana ƙoƙarin riƙe sunayen masu taimako a ka.

“Ciwon kai ba a wasa da shi,” in ji Mai Aski. “Dole a ga wurin. Ku riƙe mini shi.”

“Ya warke,” in ji siririyar murya. “Wallahi yanzun nan ya warke.”

“Haka masu ciwon kai ke cewa.”

Aka ɗaga bandeji ta baya, inji ya yi ƙara, ya buɗe hanya guda tun daga ƙeya har tsakiyar kai. Mai Aski ya leƙa ya ce bai ga rauni ba, ƙila yana can ciki.

Ana cikin haka Mai Walda ya zo wucewa da sandar ƙarfe a kafaɗa. Bai kalli bandeji ba, bai kalli hawaye ba. Tayoyin keken ya kalla, yadda suka buɗe ta ƙasa kamar ƙafafun jaki mai kaya.

“Sauka.”

“Ni marar lafiya ne, bawan Allah.”

“Nauyin tsohuwa aka yi wa keken nan, ba naka ba. Sauka kafin ka karya shi.”

Ran Dakta ya ɓaci, har ya manta da siririyar murya. “Kun gani ko? Kun ji abin da ɗan takararku ke gaya wa majinyaci?” Ya kai hannu zai zaro littafi daga ƙarƙashin bargo, gwiwar hannunsa ta bugi birki.

Gangaren layin ba wani mai tsawo ba ne, amma ya isa. Keke ya ɗauki hanya, bargo ya tashi, bandejin kai ya kwance yana binsa a baya kamar wutsiya. Ya wuce shagon ɗinki, ya wuce famfo, mata suna janye bokitai, ya wuce ƙofar gidansa inda Inna ta hango shi daga kan tabarma ta ce, “To, an duba.” Tulin yashin da wani ya sauke don gini ne ya karɓe shi. Majinyacin da mota ta buge ya miƙe da ƙafafunsa biyu, ya ɗingisa da wadda aka shafa wa man zafi.

Mai Walda ya ɗaga murya daga sama. “Ka kawo shi shago in duba gindinsa.”

Dakta ya tofar da yashi, ya buɗe littafi ya rubuta: Ko a kan majinyaci ciniki yake nema. A cire masa maki biyar.

Bai kai keken ba. Daga ranar kuwa ko Inna ta motsa sai ya yi ƙara, ƙiii, kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Ta yi magana, Malama ta yi magana, ya ce sai bayan zaɓe.

Ranar Asabar aka taru a wani aji na makarantar su Malama, manya sun cusa gwiwoyi a ƙarƙashin teburan yara. Mai Aski ne alƙalin zaɓe, da bokiti mai murfi a matsayin akwatin ƙuri'a. Dakta ya shigo da kwat da hula, hular da ya ja har kunne saboda hanyar da ke kansa. Ya turo Inna, ya ɗauke ta ya zaunar a benci, ya koma da keken ya kwaso kwalaye biyu na hujjoji da wata doguwar takarda a naɗe.

Ƙusar da ke saman allo ta yi masa nisa. Ya waiga bai ga kujera ba, sai ya jawo keken, ya ja birki, ya hau da takalmi.

“Auta,” in ji Inna.

“Minti ɗaya, Inna.”

Ya rataye takarda, ta warware har ƙasa. MA'AUNIN ALHERI, sannan sunayen mutanen layi daga sama zuwa ƙasa, kowa da makinsa. Da ya ji daɗin tsayin, sai ya ƙi sauka, ya juyo ya fuskanci jama'a daga can.

“'Yan uwa, yau za a yi siyasa da ilimi. Ba ni na faɗa ba, alƙaluma ne. Na ɗaya, da maki ɗari, ni ne, domin ni na sadaukar da lokacina da fuskata. Anti Tela, maki huɗu, an rage ɗaya saboda ɗacin magani. Mai Aski, biyu, kuma za mu yi magana. Sauranku duk sifili ne, kada ku ji haushi, haka aka same ku.”

“Ina ashirin da tara ɗina?” in ji Baba Mai Shara daga baya.

“Ana kan duba su, Baba. Na ƙarshe kuwa, can ƙasa inda takarda ta taɓa siminti, Mai Walda. Biyar ƙasa da sifili. Wato ko ya yi alheri biyar yau, sai dai ya dawo daidai da wanda bai taɓa yin komai ba.”

Aji ya yi tsit. Dakta ya ɗauka nasara ce, ya ƙara buɗe ƙirji.

“Ku tambayi kanku, a layin nan wa ya taɓa yi wa wani abu ba a roƙe shi ba? Lokacin da mahaifiyata ta kwanta, wa ya motsa? Sai da cibiya ta aiko da wannan. Ku dube shi. Ƙirar ƙasar waje, ƙarfen da ba ya lanƙwasa, ba irin tarkacen da ake liƙawa a bakin titi ba.” Ya ɗaga ƙafa ya buga a kan mazaunin don a ji ƙarfinsa.

Aka ji ƙas. Taya ɗaya ta yi gabas, ta bi tsakanin tebura tana tafiya abinta. Dakta ya kama takarda don ya tsira, ƙusa ta fita, shi da Ma'aunin Alheri da kwalin hujjoji suka sauka tare. Hula ta yi nata wuri, hanyar da Mai Aski ya buɗe ta bayyana ga duk wanda bai samu gani ba ranar Alhamis.

Dariyar da aka kwana goma ana dannewa ta ƙwace. Mai Walda kaɗai bai yi ba. Ya taso ya tsallake Dakta, ya juya keken ya kifa shi, ya sa babban yatsa a kan wani ƙarfe ba tare da ya nema ba.

“Nan ne. Tun da na haɗa shi na san nan ne rauninsa, bututun bai kai kauri ba. Shi na samu a lokacin.”

Dakta yana zaune a ƙasa da rabin takarda a wuya. “Tun da ka haɗa me?”

Mai Walda ya ga bakinsa ya riga shi. Ya sosa ƙeya.

“A hankali da madafar hannun nan,” in ji Anti Tela. “Ƙafar tsohon keken ɗinkina ce.”

“Katifar mazaunin ta kujerar askina ce,” in ji Mai Aski. “Wata uku ina zaunar da mutane a kan katako.”

“Tayoyin ni na tsinto,” in ji Baba Mai Shara. “Sai da na zagaya unguwa huɗu kafin in samu biyu masu kama da juna.”

Wani ya ce fentin ragowar na ƙofarsa ne. Wata ta ce ita ta tsaya gadi da asuba lokacin da aka turo shi. Dakta yana bin bakunan da ido, duk mutanen da ya rubuta wa sifili. Kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa, ta fi man zafin nan ƙuna.

“Kowa ya sani?”

“Kowa,” in ji Mai Aski.

“Shekara guda ina cewa cibiya ce, kuna jina?”

“Muna jinka. Wani lokaci har mu tambaye ka don ka sake faɗa.”

Ya juya wajen matarsa. “Malama, har ke?”

“Ni na ba da awon Inna, Baban yara. Ka ce ba ka karanta baya.”

“Inna?”

“Ni da nake zaune a kai? Tun ranar farko na ji ƙanshin man gashi a katifar.”

Ya dubi Mai Walda, muryarsa ta koma ƙarama, ba ta wasa ba wannan karon. “Me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Na tsohuwa ne, ba naka ba. Ita ta samu rana, shi ke nan.”

Mai Aski ya buga murfin bokiti ya ce a yi abin da ya tara mutane. Aka raba 'yan takardu. Dakta ya koma can kusurwa ya juya baya, ya daɗe da biro a hannu. Sannan ya rubuta Mai Walda, ya ninke takardar sau huɗu don kada kowa ya gani, ya jefa.

Aka juye bokiti a kan tebur. Mai Walda, Mai Walda, Mai Walda, har Mai Aski ya gaji ya koma ɗaga takarda kawai. Can wajen ƙarshe ya tsaya, ya kai takarda kusa da ido.

“Dakta, ƙuri'a ɗaya.”

“Ya zaɓi kansa,” in ji wani, aka yi dariya.

Shi kaɗai ya san ba haka ba ne. Ya matsa kusa da matarsa ya yi ƙasa da murya. “Na gode, Malama.”

“Kada ka ɗora mini. Ba ni ba ce.”

Ya kalli Inna. Ta girgiza kai tun kafin ya tambaya.

A bakin ƙofa sabon shugaba ya saɓa karyayyen keke a kafaɗa, mabuɗin ɗakin taimako yana lilo a ƙaramin yatsansa. Dakta ya tsaya a gabansa, ya kasa haɗa ido.

“Kai ne?”

“Mutum ya rubuta sunansa da hannunsa? Da kunya,” in ji Mai Walda. “Gobe da yamma ka zo ka ɗauka, zan sa bututu mai kauri. Kuma kada in ga sunana a wata takarda.”

“Mai Kwafi,” in ji Mai Aski daga ciki, yana gwada sunan a bakinsa kamar sabon takalmi, “ka manta tayarka a ƙarƙashin tebur.”

Ya amsa. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, sai ya ga ashe ya fi gani da kyau. Malama ta ɗauki tayar, ta tsaya tana kallonsa, shi ma yana kallonta, har ya gane abin da ake jira. Babu keke, ga Inna a benci, ga gida a can ƙasan gangare. Ya durƙusa a gabanta ya juya baya, aka ɗora masa ita.

Suka fito, mutanen layi suna buɗe musu hanya, babu wanda ya yi dariya. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan, bai san ta rame haka ba. Sun wuce shagon ɗinki, sun kusa famfo, sai ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

“Auta.”

“Na'am, Inna.”

“Wannan maki nawa ne a takardar taka?”

“Babu shi a ciki, Inna.”

“To ka tafi a hankali,” in ji ta, ta gyara riƙon wuyansa. “Ka fara daga nan.”